Gurmi, jitar akwati ko cikakkiyar jita: da wanne za a fara a Kaduna?

Mai sha'awar haɗa abin kiɗa mai tsirkiya da hannunsa hanya uku ce a gabansa. Ko ya ɗauki ƙwarya da fata ya yi gurmi, ko ya haɗa ƙaramar jita mai tsirkiya uku a jikin akwatin katako, ko kuma ya tunkari cikakkiyar jita mai tsirkiya shida. Yawancin masu farawa ta ukun suke so, don ita suka saba gani a hannun makaɗan zamani. Amma kafin a sayi ko falanki ɗaya a kasuwar Fanteka, akwai abin da ya kamata a sani: a Kaduna yanayin iska ne ke da ta cewa a wannan aiki, fiye da kuɗi, fiye ma da gwanintar hannu.

A watan Agusta danshin iska a Kaduna yakan haura kashi 80 cikin ɗari. A Janairu, idan hunturu ya kankama, yakan sauko ƙasa da kashi 25. Fata da katako duk suna shan danshi su saki jiki, su kuma tsuke idan iska ta bushe. Bambancinsu yana wajen yadda kowanne ke lalacewa. Fatar gurmi da damina take kasawa: ta yi sanyi, ta lotsa, muryar ta dushe. Minti goma a rana ko kusa da garwashi ya isa ta dawo. Fuskar jita kuwa da hunturu take kasawa, kuma tsagewa take yi. Katakon da ya tsage rana ba ta mayar da shi. Duk sauran abin da za a kwatanta a nan daga wannan ya taso.

Gurmi

Kayan gurmi duk na gida ne: ƙwarya, sanda, fatar akuya, ƙananan ƙusoshi da tsirkiya biyu. Ƙwarya ake fara nema, a Kasuwar Barci ko a Kawo ranar Talata. A zaɓi mai faɗin baki santimita 18 zuwa 24, wadda kaurin jikinta ya kai milimita 6 ko fi. A ƙwanƙwasa ta da yatsa. Wadda ta nuna ta bushe tana ba da ƙara mai tsabta, mai ɓoyayyiyar tsaga kuma sai ka ji tana ɗan karkarwa. Ƙwarya mai laushi irin ta shan fura ba za ta yi ba, domin idan fata ta bushe ja take yi da ƙarfi, ta murɗe bakin ko ta fasa shi. A kankare cikin har totuwar ta fita duka, don ita ce abincin ƙwari, sannan a kifa bakin a kan sanfefa da aka shimfiɗa a daɓe mai santsi a goga har ya daidaita ko'ina.

Sandar wuya ta kai santimita 70 zuwa 80, kaurinta kamar na ƙotar tsintsiyar zamani ko ɗan fi, busasshiya kuma miƙaƙƙiya. A gurmi sandar tana ratsa ƙwaryar ta fito ta ɗaya gefen, kuma a wannan guntun da ya fito ake ɗaure gindin tsirkiya. Nan ne kuskuren farko yake faruwa. Idan aka huda ramukan can ƙasa da baki, tsirkiya za ta yi nisa da sanda, yatsu su wahala. Idan aka huda su dab da baki ba a bar nama ba, ƙwaryar za ta ɓalle a wurin. A bar kamar santimita ɗaya tsakanin baki da rami, a fara da ƙaramin rami, a riƙa buɗa shi da magagari sannu a hankali har sanda ta shiga da ƙyar. Ba a buga ta da guduma.

Fata ita ce ran gurmi, kuma ɗanya ake so, wadda ba a jeme ba. Jemammiyar fata ta dukawa ta riga ta yi laushi, ba za ta taɓa ɗaurewa ta yi amo ba, komai jan da aka yi mata. A samo ta a mayankar Tudun Wada ko wajen mahautan unguwa, ta akuya matashiya, a ɗaga ta a haske a duba ko wuƙa ta yanke ta wajen fiɗa. A kankare kitse da sauran nama tas, a aske gashin da reza, a kafe ta a inuwa ta bushe. Ranar aiki a jiƙa ta kwana ɗaya a ruwan sanyi. Ruwan zafi dafa ta yake yi. A yanka da'ira wadda ta zarce bakin ƙwarya da santimita 5 ta kowane gefe, daga tsakiyar baya inda kaurin yake daidai. Wajen kafawa ba a bin baki a jere. A kafa ƙusa ɗaya, a ja a kafa wadda ke fuskantarta, sai dama, sai hagu, a ci gaba da raba tsakani har tazarar ƙusoshi ta zama santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Gara a fara huda wurin kowace ƙusa da basilla, don ƙwarya ba ta son duka. Daga nan kwana biyu a inuwa. Wanda ya gaggauta ya kai ta rana jiƙaƙƙiya zai ga ta yage a bakin ƙusa.

Ga wata dabara da ba kowa ke faɗa ba. Fatar da aka ɗaura cikin damina aka ja ta iya ƙarfi, idan hunturu ya zo za ta ƙara tsukewa har ta yage ko ta fasa ƙwaryar. Wadda aka ɗaura da hunturu kuma dole a ja ta sosai, domin damina za ta sassauta ta. Saboda haka jan ya danganta da watan da ake ciki.

Jaki, wato ɗan icen da tsirkiya ke hawa a kan fata, ba a manna shi, nauyin tsirkiya ne ke riƙe shi. Tsayinsa santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma mara nauyi ya fi, guntun gora ko na ƙwarya ya wadatar. A ajiye shi kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin fatar daga gefen da aka ɗaure gindin tsirkiya, a riƙa matsar da shi ana saurare. Tsirkiya a yau yawanci zaren kamun kifi ne na leda, mai kaurin milimita 0.7 zuwa 1. A sama ana ɗaure ta da tsinken fata da aka naɗe a sanda, a ja shi sama ko ƙasa don gyara murya. Wanda ya ga wannan ɗauri yana zame masa yana iya huda sanda ya sa turakun katako masu tsini. Ƙaramar kafa mai faɗin santimita 3 a fata kusa da gefe, ko a jikin ƙwaryar, tana buɗe sauti.

Aikin hannu duka bai wuce kwana biyu ba, sauran jiran bushewa ne. Idan aka ɓata, asarar ƙwarya ce da fata, a mako mai zuwa a sake. Abin da gurmi ba zai koyar ba shi ne awo. Ba shi da ƙarafa a wuya irin waɗanda ke gicciye a wuyan jita suna raba muryoyi, kunne da yatsa ne ke nemo murya, wanda hakan alheri ne ga mai son kiɗan gargajiya domin muryoyinsa ba dole su faɗa daidai inda ƙarafan jita suke ba. Amma mai burin kaɗa abin da ake kaɗawa da jita, gurmi ba zai kai shi can ba.

'Yan'uwan gurmi ma suna nan. Kuntigi ya fi kowanne sauƙi, gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya, kuma marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya nuna iyakar abin da wannan ɗan abu zai iya. Yini ɗaya ya isa a gama shi, ya kuma dace da wanda ke son gwada ɗaurin fata kafin ya taɓa ƙwarya. Garaya da molo jikinsu na ice ne sassaƙaƙƙe, sai an iya riƙe gizago ko an haɗa kai da masassaƙi, kuma sandarsu ba ta ratsawa ta fita, a ƙarƙashin fata take tsayawa. Goge haɗa shi bai fi na gurmi wuya ba, amma yana son fata marar kauri sosai da tsagiyar doki mai kyau, kuma mai farawa ba zai gane ko laifin gogen ne ko na hannunsa ba, tunda fitar da murya mai daɗi daga goge kansa aikin watanni ne. Kada a fara da shi.

Jitar akwati

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi dacewa da mafi yawan mutane. Talakawan Amurka sun yi ta da akwatin taba tun ƙarni na 19, a kudancin Afirka kuma da galan ɗin mai ake yi. Sirrinta shi ne wuyan katako ɗaya ne miƙaƙƙe da ya ratsa akwatin daga kai har gindi, kamar dai sandar gurmi. Duk jan tsirkiya a kan wannan katako yake, akwatin aikinsa ƙara sauti kawai. Shi ya sa hunturu bai cika yi mata illa ba, musamman idan fuskar ta filawud ce, wadda ba ta tsukewa kamar falankin katako zalla.

Awon da ke aiki: akwati mai tsawon santimita 25, faɗi 18, zurfi 6. Gefuna da katako mai kaurin milimita 8, fuska da filawud mai milimita 3. Wuya santimita 90, faɗi 4, kauri 2 zuwa 2 da rabi, na katako mai ƙarfi kamar maɗaci ko iroko. A ɓangaren wuyan da ke cikin akwati a rage samansa da milimita 4, a bar ƙarshen biyu kawai suna taɓa gefuna. Idan fuska ta kwanta a kan wuya ba za ta girgiza ba, sautin ya fito siriri kamar na rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Amma wannan ragi yana raunana wuya, don haka a manna wani katako a ƙarƙashinsa a wurin. Wanda ya tsallake wannan, bayan wata biyu wuyan zai lanƙwashe daidai bakin akwati. Kan wuya, inda kunnuwan ɗaure tsirkiya ke zama, a rage kaurinsa zuwa milimita 15. Tsirkiya uku ake ɗauka daga cikin saitin jita, ta biyar da ta huɗu da ta uku.

Babban darasin jitar akwati shi ne ƙarafan wuya, waɗanda makaɗa ke kira firet. Ba a sa su da ido. Ana auna tsawon tsirkiya daga ƙashin sama, wato ɗan ƙashin da tsirkiya ke hawa a ƙarshen wuya kusa da kunnuwa, zuwa jaki, a raba da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan ƙarfe na farko. A cire shi daga tsawon, a sake raba ragowar da 17.817, a samu tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu, haka har ƙarshe. Idan tsawon milimita 650 ne, ƙarfe na 1 yana kan 36.5 daga ƙashin sama, na 2 a 70.9, na 3 a 103.4, na 5 a 163.1, na 7 a 216.2, na 12 kuma a 325, rabi cif. Kowane ƙarfe daga ƙashin sama ake auno shi. Mai aunawa daga ƙarfe zuwa ƙarfe kuskurensa taruwa yake yi, kafin ya kai na goma ya kauce da milimita biyu, kuma kunne na jin kaucewar rabin milimita a can ƙasan wuya. A yi amfani da rula ta ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, a yi alama da bakin wuƙa. Tef ɗin tela miƙewa yake yi, bakin fensir kuma ya yi kauri.

Wayar firet ta gaske tana da ƙafa mai shiga tsaga mai faɗin milimita 0.6, kuma zarton kafinta ya fi haka faɗi nesa. Ana iya goge gefen haƙoran ƙaramin zarton ƙarfe a kan dutsen wasa har ya sirance, a gwada a guntun katako. Idan wayar ba ta samu ba, sipok ɗin keke da aka yanka aka kwantar a cikin ɗan rami da gam mai ƙarfi yana aiki a jitar akwati. Jaki kuma ba a ajiye shi a 650 daidai. Danna tsirkiya yana ɗan ƙara mata ja, muryar ta hau, don haka ake matsar da jaki baya da milimita 2 zuwa 3. Gwajin mai sauƙi ne: muryar da ke ƙarfe na 12 ta zama ita ce ta sakakkiyar tsirkiya amma a sama. Idan ta zarce, a ja jaki baya. Idan ta gaza, a turo shi gaba. Da yake jakin wannan jita ba a manne yake ba, ana iya gyarawa sau goma. A cikakkiyar jita dama ɗaya ce.

Asabar da Lahadi biyu ko uku sun isa. Rauninta sauti ne: ba ta da zurfi, ba ta cika ɗaki, kuma tsirkiya uku ba sa ba da duk abin da shida ke bayarwa.

Cikakkiyar jita

A nan aikin ya canza iri. Fuskar jita katako ne mai kaurin milimita 2 zuwa 3, faɗinsa wajen santimita 37 a ƙugu na ƙasa, kuma shi ke ɗauke da jan tsirkiya kai tsaye ta hanyar jakin da aka manna masa. Daga tsakiyar damina zuwa tsakiyar hunturu, katako mai wannan faɗi yana iya tsukewa da milimita 4 zuwa 6 idan an sake shi. A jikin jita ba a sake yake ba, an manne shi da gefuna da sandunan ciki, wato siraran katakon da ke tallafe fuskar ta ciki. Jitar da aka rufe a Agusta, idan Janairu ya zo fuskar za ta nemi tsukewa ta rasa hanya, sai ta tsage daga jaki zuwa gindi. Wadda aka rufe cikin rani, damina za ta ɗan kumbura ta, tsirkiya ta ɗaga, kaɗawa ya yi tauri, amma da wuya ta fashe. Katako yana jure matsi fiye da yadda yake jure ja. Masana'antun jita suna riƙe ɗakin aikinsu a danshi kashi 45 zuwa 50. Mai aiki a gida a Kaduna ba shi da na'urar yin haka, sai ya bi kalanda: a manna sandunan ciki a rufe akwati a Nuwamba, ko a ƙarshen Maris kafin ruwa ya sauka, lokacin da ma'aunin danshi ke nuna 35 zuwa 45. Wannan ɗan ma'auni mai batir ba shi da tsada, kuma ya fi kowane kayan aiki muhimmanci. Damina a bar ta ga sassaƙar wuya, yankan firet da haɗa ƙirar da za a lanƙwasa gefuna a ciki.

Matsala ta biyu katako ne. Icen da aka saba yin fuskar jita da shi, sifurus da sida, na ƙasashen sanyi ne, ba ya fitowa a Najeriya. Abin da ake nema a fuska shi ne rashin nauyi tare da ƙarfi. Mahogani na kudu da ake samu wajen 'yan katako yana yi, an daɗe ana yin jita gaba ɗayanta da mahogani, muryarta ba ta da kaifi sosai amma tana da daɗi. Maɗacin arewa danginsa ne, sai dai ya fi shi nauyi, ya fi dacewa da wuya da baya da gefuna. Obece ba shi da nauyi amma yana da laushi, farce ma yana yi masa tabo, sai an bar shi da ɗan kauri. Katakon akwatunan da ake shigo da injina a ciki sau da yawa na dangin fayin ne, kuma idan aka dace da wanda ba shi da ido, layukansa a miƙe kuma kusa da juna, ya fi duk na gida kusa da abin da ake so. Allon da firet ke zama da jaki suna son ice mai tauri kamar maɗobiya ko ƙirya. Maɗobiya an sare ta fiye da kima don fitarwa waje har aka sa ta ƙarƙashin kariyar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da namun daji da ke fuskantar ƙarewa, a 2017, saboda haka tsohuwar ƙafar gado ko guntun da ya rage a shagon kafinta ya fi dacewa, ya ma fi bushewa.

Yadda aka tsaga falankin ya fi sunan icen muhimmanci. A dubi ƙarshensa: idan layukan suna tsaye daga sama zuwa ƙasa, shi ake so. Idan suna kwance ko sun yi baka, zai tsuke kusan ninki biyu ya kuma kwaɓe. Katakon kasuwa kusan duk ɗanye ne ko da an ce ya bushe. A sa a tsaga shi zuwa milimita 5, a jera da 'yan sanduna a tsakani a ɗaki mai iska, a ɗora nauyi, a riƙa auna shi a sikeli duk mako. Sai nauyin ya daina raguwa makonni uku a jere ake taɓa shi. Katakon wuya, da yake yana da kauri, ya kwana hunturu ɗaya aƙalla. Mahogani da maɗaci zarensu a sarƙe yake, filen yana fizge shi, don haka milimita na ƙarshe da makankari ake cire shi, ko da guntun tsohon zarto ne da aka wasa. A sa takunkumi, ƙurar waɗannan itatuwa tana shaƙe ƙirji.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma gefen jita busasshe ake tanƙwarawa, da zafi da ɗan ruwa. A rage shi zuwa milimita 2, a samu bututun ƙarfe mai faɗin santimita 6 zuwa 8, a ɗaure shi a tebur, a zuba garwashi a ciki. Zafin ya yi daidai idan ɗigon ruwa ya yi tsalle a kai maimakon ya tsaya yana tafasa. A fesa ruwa kaɗan, a riƙa lilo da katakon a kan bututu ana dannawa a hankali har a ji ya saki. Wanda ya danna kafin ya saki zai karya shi a ƙugu, kuma kusan kowa yana karya na farko, don haka a tsaga gefe huɗu maimakon biyu. Ruwa da yawa kuma yana sa mahogani ya yi kunya-kunya.

Gam ma wurin faɗuwa ne. Gam ɗin masu gyaran takalma, mai kama da roba, ba shi da wuri a jikin jita. Farin gam na kafintoci yana riƙewa, amma a ƙarƙashin ja na dindindin da zafin Maris da Afrilu yana iya zamewa sannu a hankali, kuma a jaki ake fara gani. Gam mai ruwan ɗorawa na aikin katako ya fi shi, haka ma gam ɗin fata da ake narkawa a ruwa mai zafin digiri 60, wanda ke bushewa da tauri kamar gilashi, ana kuma iya buɗe shi da zafi idan gyara ya taso. Kowanne aka zaɓa, fuskokin biyu su haɗu ba tare da haske na ratsawa ba tun kafin a shafa. Gam ba ya cike rami. Wajen matsewa, tsohon tub ɗin tayar mota da aka yanka tsiri-tsiri yana maye gurbin kilam, wato ƙarfen matse katako, guda ashirin.

Sai zaɓi na cikin zaɓi: tsirkiyar leda ko ta ƙarfe. Shida na leda suna jan kilo 40 ko ƙasa da haka. Shida na ƙarfe, ko marasa kauri ne, suna kaiwa kilo 70. Wannan bambanci ya shafi komai. Jitar ƙarfe tana buƙatar sandar ƙarfe mai juyawa a cikin wuya, wadda sai an sayo ko an ciro daga matacciyar jita, da sandunan ciki masu gicciye irin waɗanda kamfanin Martin na Amurka ya yaɗa tun ƙarni na 19, da fuska mai milimita 2.5 zuwa 3. Jitar leda tana bin tsarin Antonio de Torres na Sifen: sanduna bakwai marasa kauri da suka bazu kamar mafici a ƙarƙashin jaki, fuska milimita 2 zuwa 2.5, kafar sauti wajen milimita 85, faɗin wuya a sama milimita 52, allon firet a shimfiɗe ba tare da doro ba, wanda ya sauƙaƙa sa ƙarafa. Torres ɗin nan a 1862 ya yi jita da baya da gefuna na kwali don ya nuna fuska ce ke yin sauti. Darasin ga mai aiki a Kaduna shi ne ya kashe ƙoƙarinsa wajen neman katakon fuska, baya kuwa ko filawud mai kyau ya isa a jita ta farko, ba ya ma tsagewa da hunturu.

Ta leda ce ta dace da aikin farko. Kuskuren da jan kilo 40 zai yafe, kilo 70 zai tona shi cikin wata uku: jaki ya ɗaga, fuska ta yi ciki, wuya ya sunkuyo. Tsirkiyar ƙarfe kuma tana tsatsa da damina. Abin da ta ƙarfe ta fi shi ne ƙara da kaifin murya, kuma wanda kunnensa ya saba da ita ba zai gamsu da leda ba. Irin wannan mutum ya yi ta ƙarfe a aiki na biyu. Kada dai a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka gina don leda, zai tsige jakin.

Wajen haɗa wuya da jiki, a yi amfani da ƙusoshi biyu masu noti na milimita 6 ta cikin guntun katakon da ke cikin jiki a inda wuya ke haɗuwa, maimakon mannawa. Kusurwar wuya ita ce abin da mai farawa ya fi kuskurewa, kuma wuyan da ke kwancewa ana iya cire shi a goge gindinsa inda yake haɗuwa da jiki a mayar. Abin da ake nema a ƙarshe, a jitar leda, tazarar milimita 4 tsakanin tsirkiya mai kauri da ƙarfe na 12, da milimita 3 a siririyar. A ta ƙarfe, wajen 2.5 da 2. Ƙashin sama da na jaki daga ƙashin ƙafar sa ake yanka su, a dafa shi da ɗan omo a cire maiƙo, a shanya. Shafi kuma ya zama marar kauri, banish mai yawa yana danne fuska, kuma wanda aka fesa ranar da hadari ya haɗu yakan yi fari-fari.

Jita ta farko tana cin awa 100 zuwa 200, ban da watannin jiran katako. Wanda bai taɓa riƙe filen da kurfi ba, ko wanda ba shi da ɗakin da zai bar aiki a shimfiɗe na rabin shekara, ya fara da jitar akwati, domin wuya da firet da jaki da zai koya a can su ne rabin aikin babbar. Wanda kiɗan gida ne a ransa ba ya buƙatar bi ta wannan hanya ko kaɗan, gurmi cikakken abin kiɗa ne da kansa. Kafinta ko wanda ya saba da aikin katako mai buƙatar tsanaki yana iya shiga babbar kai tsaye, amma zai ci riba idan ya fara sayen fasasshiyar jita mai arha ya buɗe ta. Zai ga yadda aka jera cikinta, ya samu kunnuwa da firet da ƙirar jiki, kuma sauya mata fuska kaɗai aiki ne da ke koyar da mafi wuyar sashe ba tare da lanƙwasa gefe ba.

Bayan an gama, daga Disamba zuwa Fabrairu jita ta kwana a cikin jakarta a rufe, tare da ɗan soso mai danshi a cikin robar sabulu da aka huhhuda, a riƙa jiƙa shi duk kwana biyu, kada ruwa ya taɓa katakon. Alamar farko ta bushewa ita ce bakin firet ya fara kartar yatsa, domin allon ya tsuke ƙarfen bai tsuke ba. Idan aka ji haka, a duba fuska a ƙasan jaki da fitila a ranar. Gurmi kuwa da damina a rataye shi nesa da bango mai sanyi, a kwantar da jakinsa idan ba a kaɗawa don kada ya lotsa fatar.